Kayan Wasan Pikilbol: Takalmi Tukuna, Uwargida

Yau zancenmu a kan wani wasan motsa jiki ne da ake kira pikilbol, da irin kayan da ake yin sa da su, da kuma yadda ya kamata mace mai hankali ta zaɓe su, ta adana su. Wata za ta ce, ina haɗin filin mata da kayan ƙwallo? To, haɗin kuwa babba ne, gama akwai abu biyu a cikin maganar waɗanda kowace mace ta san darajarsu, watau kuɗin gida da lafiyar jiki. Wadda ta yi sayayyar nan da ka, sai ta yi asarar na farko, ta kuma jefa na biyun cikin haɗari.

Ra'ayina dai shi ne, mai son shiga wasan nan ta fara sa kuɗinta a takalmi, sa'an nan ta nemi abin bugu wanda ya yi daidai da hannunta, ba wanda ya fi tsada ko ƙyalli ba, sa'an nan kuma ta riƙe su da kyau yadda take riƙe keken ɗinkinta. Amma kafin in kawo hujjojina, bari in ɗan bayyana wasan domin waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.

Asalin wasan daga Amurka ne. Ana yin sa a fili mai tsawon ƙafa 44 da faɗin ƙafa 20, watau daidai da filin badminton na mutum huɗu. Akwai raga a tsakiya, tsayinta inci 36 a gefe, inci 34 a tsakiya. Mutum biyu ko huɗu ke bugawa, kowa da mabuginsa, watau wani ɗan faifai mai mariƙi wanda ya ɗara na ƙwallon tebur girma. Ita kuwa ƙwallon ta roba ce, marar nauyi, jikinta duk huji. Ɓangaren da ya fara samun maki 11, da ratar maki 2, shi ya ci. Abin dariya, akwai wani yanki mai ƙafa 7 daga jikin raga, a kowane ɓangare, wanda 'yan wasan ke kira kicin, ba a kuwa yarda a tsaya a cikinsa a bugi ƙwallon da ba ta taɓa ƙasa ba. Ga shi nan dai, uwargida, an sami kicin ɗin da ake cewa ki yi hankali da shigarsa.

Cikin shekarar 1965 aka ƙago shi, a tsibirin Bainbridge da ke kusa da birnin Seattle, cikin jihar Washinton. Waɗansu magidanta uku ne, Joel Pritchard, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar wakilai ta Amurka, da Bill Bell, da Barney McCallum. Iyalinsu ne suka rasa abin yi lokacin hutu. Akwai tsohon filin badminton a gidan, amma kayan wasan ba su cika ba, sai suka ɗauko mabugan ƙwallon tebur da wata ƙwallon roba mai huji, suka sassauko da ragar ƙasa, aka shiga wasa. Da suka ga ƙananan mabugan ba su jure ba, sai aka riƙa yanko masu girma daga falankin katako. Sai a 1984 ne wani injiniya na kamfanin jiragen sama na Boeing, mai suna Arlen Paranto, ya ƙera mabugi da irin abin da ake shimfiɗa daɓen jirgin sama da shi, mai ciki kamar saƙar zuma, ga ƙarfi ga rashin nauyi. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar wasan ta Amurka, aka buga littafin dokokinsa na farko.

Ku lura da wannan, 'yan uwa. Kusan shekara ashirin ana wasan nan da katako, ana jin daɗi, ana zufa, ana samun lafiya. Amma da wasan ya bunƙasa, sai kasuwa ta buɗe. Jihar Washinton ta mai da shi wasanta na hukuma a 2022. Ƙungiyar masu sana'ar kayan wasanni ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 13.6 suka buga shi a ƙasar cikin 2023. Ya kuma leƙo nahiyarmu, gama an nuna shi a matsayin wasan gwaji a Wasannin Afirka da aka yi a Accra, babban birnin Gana, cikin watan Maris na 2024. Duk inda jama'a suka taru haka kuwa, 'yan kasuwa na biye. Yau akwai mabugin katako da bai kai dala 30 ba, akwai kuma wanda ya haura dala 200. Mai talla zai so ki gaskata cewa iya wasa a cikin mai tsadar yake. Ba a nan yake ba.

Dalilin fara wa da takalmi

Wasan nan ba gudun gaba ake yi a cikinsa ba kamar tsere. Matsawa ake yi dama da hagu, a taka da ƙarfi, a tsaya cak, a juya. Kambas ɗin da aka yi domin gudu ko tattaki yana da ƙasa mai kauri da laushi, dunduniyarsa a ɗage, an gina shi ne domin ya kai ƙafa gaba. In kika matsa gefe da sauri a cikinsa, ƙafar na iya turguɗewa, sai targaɗe a idon sawu, ko kuma faɗuwa. Takalmin da ya dace shi ne irin na tanis ko na badminton: ƙasansa a baje, kusa da daɓe, gefensa da ƙarfi yadda zai riƙe ƙafa. Silifas kuwa, da takalmi mai tsini, da ƙafa ba takalmi, kada ma a soma.

Na dage a kan wannan ne saboda faɗuwa ita ce babbar masifar wasan. Likitocin ƙashi na Amurka, a taronsu na 2024, sun ba da rahoton cewa mafi yawan karayar da aka samu a wasan nan daga faɗuwa ta zo, kuma mata masu shekaru su suka fi samunta. Dalili a fili yake. Bayan al'ada ta ɗauke wa mace, ƙashinta yakan rage ƙwari, kuma duk wanda zai faɗi hannu yake miƙawa ya tare ƙasa, sai wuyan hannu ya ɗauki nauyin jiki duka. Ki tuna abin da wuyan hannun nan yake yi miki a yini guda, daga tuƙin tuwo zuwa wanki zuwa ɗaukar yaro. Ke kuma 'yar makaranta, da shi za ki rubuta jarrabawa. Mabugin da ya karye ana sayen wani a kanti, amma hannun da ya karye makonni zai yi a ɗaure.

In za ki sayi takalmin, ki je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar yini, ki kuma gwada shi da irin safar da za ki yi wasa da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, amma kada dunduniya ta riƙa zamewa. Ki ɗan taka gefe da gefe a nan cikin kantin, kada kunya ta hana ki. Haka kuma sutura: riga da wando masu yalwa suna rufe jiki sarai ba su kuma harɗe ƙafa, amma zane ko mayafi mai jan ƙasa shi ne zai kayar da ke. In kuma ƙwallo ta wuce ta bayanki, kada ki bi ta da baya da baya. Ki juya ki bi ta, ko ki bar ta ta tafi, maki ɗaya bai kai ƙeyarki daraja ba.

Zaɓen mabugi

Abu na farko da za ki duba shi ne nauyi. Yawancin mabugan zamani suna tsakanin giram 200 da 240. Mai nauyi yana ba ƙwallo ƙarfi, amma yana gajiyar da hannu, in aka daɗe ana amfani da shi kuma yakan jawo ciwon gwiwar hannu. Marar nauyi ƙwarai yana da saurin juyawa, amma sai kin ƙara ƙarfi kafin ƙwallo ta yi nisa. Mai koyo ta tsaya a tsakiya, wajen giram 215 zuwa 230. Na katako ya fi waɗannan nauyi, ya kuma fi araha da ƙarko, saboda haka ya dace da makaranta inda hannuwa da yawa za su taɓa shi, amma ba zan so uwargida mai ciwon gaɓoɓi ta daɗe da shi ba.

Abu na biyu shi ne kaurin mariƙi, a nan ne kuwa aka fi cutar mu mata, domin sau da yawa maigida ne ko wani ɗan uwa zai sayo, ya auna da nasa hannun. Kewayen mariƙi yakan kama daga inci 4 zuwa 4 da rabi. Ga yadda ake gwadawa: ki riƙe shi kamar za ki gaisa da mutum, sa'an nan ki sa ɗan alin ɗaya hannun tsakanin kan yatsunki da tudun tafin hannu. In ya shiga daidai, to naki ne. In bai sami wurin shiga ba, mariƙin ya yi siriri. In ya shiga har da sauran fili, ya yi kauri. In kina shakka tsakanin biyu, ɗauki ƙaramin, gama ana iya ƙara masa naɗi ya yi kauri, amma mai kauri ba shi da hanyar ragewa. Mariƙin da bai yi daidai ba yakan sa a riƙa matse shi da ƙarfi, daga nan ciwon hannu ke farawa. Saboda haka in za a aiko miki da shi daga nesa, ki faɗi awonki, kamar dai yadda kike ba tela.

Abu na uku shi ne siffa. Doka ta ce tsawo da faɗin mabugi in an haɗa kada su wuce inci 24, tsawon kaɗai kuma kada ya wuce inci 17. Don haka duk wanda aka ƙara wa tsawo, an rage masa faɗi. Dogon yana taimakon ƙwararru su kamo ƙwallon nesa, amma mai koyo ta fi bukatar mai faɗi, mai wajen inci 16 da inci 8, domin wurin da ƙwallo ke zama daidai a fuskarsa ya fi yalwa.

Na huɗu, ciki da fuska. Cikin yawancinsu roba ce da aka yi kamar saƙar zuma, kaurinta wajen milimita 13 zuwa 16. Mai kauri ya fi laushin bugu da sauƙin sarrafawa, ba ya kuma girgiza hannu sosai. Siririn ya fi cilla ƙwallo. Fuskar kuwa ko ta zaren gilashi ce, ko ta zaren kabon. Ta zaren gilashi ta fi araha, ta kuwa ishi mai koyo. Ta kabon ɗin tana da ɗan kaushi mai murza ƙwallo, amma amfanin nan sai wadda ta riga ta iya murzawar.

Na san akwai masu cewa araha ba ta ado, gara a sayi mai tsada sau ɗaya a huta. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, domin akwai na banza a kasuwa, wanda bakinsa zai ɓalle cikin mako guda, ni ma ban ce a saye shi ba. Amma a wasan nan tsada ba ta nufin ƙarko. Kaushin fuskar mai tsadar ma yana sulɓewa da yawan bugu, cikinsa kuma yana mutuwa, shi ya sa masu gasa suke sauya nasu a kai a kai. Har ila yau, a 2024 hukumar wasan ta Amurka, USA Pickleball, ta cire waɗansu mabugai masu tsada daga jerin waɗanda ta amince da su, waɗanda suka saya suka wayi gari ba su iya shiga gasarta da su. Sa'an nan kuma mai koyo ba ta san irin hannunta ba tukuna. Sai ta yi watanni tana wasa kafin ta gane ko mai nauyi take so ko marar nauyi. In ta zuba kuɗin cefanen wata guda tun ran farko, ta yi wa rogo kallon kitse. Abin da ya fi shi ne ki ari na ƙawayenki ki gwada biyu ko uku, gama sai an gwada akan san na ƙwarai, sa'an nan ki sayi matsakaici. In kina da niyyar shiga gasa, ki duba ko yana cikin jerin da hukuma ta amince da su. In wasan motsa jiki ne kawai a tsakar gida ko a makaranta, wannan ba dole ba ne.

Ƙwallo, raga da tabarau

Ƙwallon iri biyu ce. Ta waje tana da ƙananan huji 40, ta fi tauri da ɗan nauyi domin kada iska ta kwashe ta. Ta cikin ɗaki tana da manyan huji 26, ta fi laushi. Nauyin kowace bai wuce giram 22 zuwa 26 da rabi ba. In a kan siminti ko kwalta za ku yi wasa a sarari, ta waje za ku saya. Ku zaɓi launin da ya fita daban da na daɓe da bango, kamar ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Ƙwallo abar ƙarewa ce, tana tsagewa, tana kuma lotsewa, saboda haka a sayi guda shida ya fi a sayi ɗaya. In kina so ki san ko ta mutu, ki gangara ta a daɓe mai santsi. In tana tafiya tana ɗingishi, ta gama aiki. Ko kuma ki sake ta daga tsayin mita 2, mai lafiya za ta taso wajen santimita 80.

Raga ba kayan mutum ɗaya ba ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, matan unguwa ko 'yan aji su haɗa kuɗi kamar yadda muke adashi, su sayi irin wadda ake harhaɗawa a kwance bayan wasa. Layin fili kuwa alli ma ya isa. Amma akwai abu ɗaya da ake rainawa wanda nake so a sa cikin lissafi, watau tabaran kare ido. 'Yan wasa sukan tsaya kusa da juna, ƙafa 14 kacal tsakanin layin kicin da ɗan uwansa, ƙwallo kuma takan kauce daga bakin mabugi ta nufi fuska kafin a ƙifta. Tabarau na roba mai ƙarfi da aka yi domin wasa ba shi da tsada. Na gilashi kuwa yana iya fashewa ya ƙara ɓarna.

Adana su

Babban maƙiyin mabugi shi ne zafi. Gam ne ya haɗa fuskarsa da cikinsa, zafi kuwa yana sassauta gam, ya kuma lanƙwasa roba. Ko a Amurka ana gargaɗin kada a bar shi cikin mota a rana, balle mai zaune a ƙasar da ta san zafin bazara. Kada a bar shi a but ɗin mota, ko a bakin taga, ko kusa da murhu, ko a ɗakin kwano da ba shi da silin. A sa shi cikin rigarsa, in babu a ɗinka masa 'yar jaka da ragowar atamfa, a ajiye shi a inuwa inda ba za a ɗora masa kaya ba.

Bayan kowane wasa, a goge fuskarsa da tsumma mai laushi, mai ɗan danshi, a bar shi ya sha iska. Kada a tsoma shi a ruwa, domin in ruwa ya shiga saƙar cikinsa ba ya fita da sauƙi. Kada a sa masa omo, ko kananzir, ko soson ƙarfe. Mai fuskar kabon yana da magoginsa na roba, kamar na goge fensir, wanda ke cire dattin da ya maƙale. Lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina, sai a ƙara kula. Kada a kwashi ƙwallo daga ƙasa da bakinsa, kada a doka shi a ƙasa don haushi, kada kuma a bar yara su mai da shi abin fifita wuta ko na haƙar ƙasa.

Mariƙi kuwa shi ke shan zufa, da man shafawa ma in ba a wanke hannu ba. In naɗinsa ya yi santsi, mabugi na iya suɓucewa ya sami wata. Akwai siririn naɗi da ake sayarwa daban, mai araha, a warware tsohon a naɗa sabo, abin da ba zai ci minti biyar ba. Lokaci lokaci kuma ki ƙwanƙwasa fuskar da yatsa wuri wuri. In wani wurin ya yi wata ƙara dabam, ko kika danna kika ji yana ƙas-ƙas, to cikin ya fara lalacewa. In bakin robar da ke kewaye da shi ya soma ɗagowa, a manne shi da wuri tun bai ɓalle ba.

Takalmin wasa na filin wasa ne kaɗai. Kada a je kasuwa ko biki da shi, gama hanya tana cinye zanen ƙasansa, zanen nan kuwa shi ke riƙe ki. Bayan wasa a kwance igiya, a ciro shimfiɗar ciki, a shanya a inuwa. Ran da kika juya shi kika ga ƙasan ya yi sumul, to ya tashi daga aiki ko da samansa na nan sabo fil. Ƙwallaye a wanke su da ruwa da ɗan sabulu, a bushe, a zuba a jaka. Raga kuma kada a bar ta ta kwana a ruwan damina, ƙarafanta za su yi tsatsa.

Ku kuma 'yan makaranta, kayan da makaranta ta saya amana ce a hannunku. Ku sa wata ta riƙa ƙirga mabugai da ƙwallaye kafin wasa da bayansa, ta rubuta a littafi. Wadda ta ari na ƙawarta ta mayar da shi a goge, cikin rigarsa, in ta ɓata kuma ta faɗa da bakinta. Abin da kuka adana bana, shi ƙannenku za su tarar baɗi.

To 'yan uwa, kun dai ji. In kuɗin hannunki ba zai ishi duka ba, sayi takalmi mai kyau, ki ari mabugi har ki tara. Daidai ruwa daidai tsaki. Kada ki ci bashi, kada ki taɓa kuɗin makarantar yara don a ce naki ya fi na wance, gama a fili ba a tambayar nawa aka saya, ƙwallo dai ake so ta tsallake raga. Wadda take da tambaya ko wata shawara a kan wannan batu, ta rubuto mana. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.